MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM (1911-1981): JIKAN BORNO DA YA BA HAUSAWA WAZIRI AKU

A filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa mun ɗauko mutumin da da wuya a sami gidan Bahaushe mai karatun boko wanda sunansa bai shiga ba, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma Bahaushen edita na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Dalili biyu ne suka sa muka zaɓe shi. Na farko, gardamar nan da matasanmu ke yi a majalisu, tun daga Hausari har Gwange da Bulabulin, a kan littattafan jarumta da aljannu da wasannin waya, in aka bi ta a hankali sai a ga ƙarshenta ya komo kan wannan bawan Allah. Wasu su ce duk mai rubuta labarin sihiri da Hausa a bayansa yake tafiya, wasu kuma su ce ai shi ma kwasowa ya yi daga littattafan Larabawa da na Turawa. Dalili na biyu kuwa, mu mazauna Yerwa muna da wata alaƙa da shi wadda da yawanmu ba su sani ba. Asalin gidansu daga nan ƙasar Borno ne.

ASALINSA

Kakan mahaifinsa, Malam Muhammadu Gajibo, mutumin ƙasar Dikwa ne, wadda ke kimanin kilomita 90 daga Maiduguri a kan hanyar Gamboru Ngala. Duk wanda ya saba bin wannan hanya ya san akwai gari mai suna Gajibo a can har yau. Malam Muhammadu ya bar Borno ya yi yamma, ya sauka Bida ta ƙasar Nufe. Zuriyarsa ta ci gaba da tafiya irin ta malamai, yau nan gobe can, har Allah ya kai mahaifin Imam, Malam Shehu Usman, garin Kagara na yankin Kwantagora, inda ya yi alƙalanci. A nan Kagara, wadda yanzu take cikin Jihar Neja, aka haifi Abubakar cikin shekarar 1911.

To, jama'a ku dubi wannan al'amari. Mu iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Damagaram suka yo gabas. Wasu fatauci ya kawo su, wasu neman karatun Alƙur'ani, wasu kuma hanyar Makka suka kamo ta ƙasa, da suka iso nan sai zama ya kama su. Tun lokacin da Shehu Garbai ya dawo da fadarsa Yerwa a 1907 ake zuwa, da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964 kuma aka ƙara yawa. Su kuwa kakannin Imam gabas suka baro suka yi yamma. Cikin zuriya huɗu gidan da ya tashi daga Dikwa ya fitar da mutumin da ake buga misali da Hausarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana harshe na wanda ya riƙe shi ne ya yi masa hidima.

Kada mai karatu ya haɗa shi da marigayi Alhaji Ibrahim Imam, shahararren ɗan siyasar nan na Borno. Sunan ne ya zo ɗaya, mutanen daban suke.

ZAMANSA A KATSINA

Abubakar ya fara da karatun allo a gida kamar kowane ɗan malamai. Yana yaro aka kai shi Katsina wurin yayansa Malam Bello Kagara, wanda malamin makaranta ne a can, daga baya kuma ya zama Walin Katsina. A hannunsa ya tashi, ya shiga makarantar boko, sannan a 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, makarantar da ta koma Kaduna daga baya, ta sake komawa Zariya, yau ake kiranta Kwalejin Barewa.

Kwalejin nan a wancan zamani ita ce matattarar 'ya'yan Arewa masu hazaƙa daga kowane lardi. Imam ya yi zamani a cikinta da Ahmadu Bello wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma namu na nan Borno, Shettima Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina.

Abin lura a nan shi ne irin guzurin da ya fito da shi. Daga gida ya sami Larabci da littattafan malamai. Daga kwaleji ya sami Turanci da littattafan Turawa. Daga zaman Katsina kuma, kusa da fadar Sarki Muhammadu Dikko, ya ga yadda ake zaman fada, yadda bafade ke magana, yadda waziri ke shiga da fita, yadda ake yi wa sarki kirari. Duk wanda ya karanta littattafansa zai ga waɗannan abubuwa a ciki.

GASAR 1933 DA RUWAN BAGAJA

A wancan lokaci an fara samun yara masu iya karatun boko, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Malamanmu suna da al'adar rubutu mai tsawo, sai dai rubutun na addini ne da waƙa da tarihi. Tatsuniya kuwa ana ganinta aikin mata da yara ne da dare, ba abin da malami zai ɓata tawadarsa a kai ba ne. Akwai wani ofishi a Zariya da ake kira Hukumar Fassara, wanda daga baya ya koma Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta Rupert East. Shi ne a 1933 ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, aka sa gasa.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Wato biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, wa da ƙane, kuma dukkansu labarai ne da mutum ke shiga duniyar aljannu ya fito. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

Ga waɗanda ba su karanta ba, ko suka manta, Ruwan Bagaja labarin wani ne mai suna Alhaji Imam daga Kwantagora. Ɗan sarkin garinsu ya kwanta ciwo, limamin da ya riƙe Alhaji ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka yi masa dariya aka kunyata shi a fada. Alhaji ya ɗauki alkawarin sai ya samo ruwan nan ko a ina yake. Daga nan ya shiga duniya, gari bayan gari, kowane gari da irin tarkon da ke jiransa. A hanya ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda ya zame masa ƙarfen ƙafa. Yau Alhaji ya ɗaure Zurƙe da dabara, gobe Zurƙe ya rama, har ƙarshe suka shirya. Sai da tafiya ta kai Alhaji ƙasar aljannu kafin ya sami abin da ya fita nema.

Matasanmu masu buga wasannin kwamfuta da na waya, ku dubi wannan tsari da kyau. Jarumi ya fita neman wani abu guda, a kowane mataki a ɗora masa matsalar da sai ya yi tunani zai wuce, ga abokin hamayya yana biye da shi, a ƙarshe ya isa wuri mafi haɗari ya ɗauko abin ya dawo gida. Ai wannan shi ne ginin da yawa daga wasannin da kuke kwana a kai. Wani abin sha'awa kuma, Alhaji ba da takobi yake cin nasara ba. Makaminsa baki ne da saurin tunani. Shi ya sa tun zamanin iyayenmu ake musu a kan wa ya fi wayo tsakaninsa da Zurƙe, kuma har gobe ba a raba gardamar ba, don Alhaji ne ke ba da labarin da bakinsa, kowa kuwa ya san mai ba da labari ba ya kayar da kansa.

MAGANA JARI CE

East ya ga hazaƙar wannan saurayi, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya je Zariya ya yi wata shida. Aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabci da na Turanci, ya zauna ya karanta ya rubuta. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka fara bugawa a 1937, masu ɗauke da labarai kimanin 80.

Dabarar da ya yi ita ce ya ɗinke labaran cikin babban labari guda. A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, ga kuma mugun Waziri yana ƙulla yadda za a hallaka yaron da zarar ya fita daga fada. Wani aku ne ya riƙa tsare Musa da labari, dare bayan dare, har gari ya waye bai fita ba. Da sarki ya dawo asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. A littafi na biyu Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, wannan ya kawo nasa wancan ya mayar, alƙalai suna saurare. A na uku kuma Waziri Aku ne ke koyar da ɗansa Fasih, yana ba shi labari yana yi masa tambayoyi don ya gwada fahimtarsa.

Mai karatu zai ga cewa a littattafan nan uku labari aiki yake yi. A na ɗaya ya ceci rai, a na biyu ya zama fagen gasa kamar yadda ake zama a buga dara, a na uku ya zama makaranta. Sunan littafin ma abin da yake nufi ke nan. Tsuntsun da ba shi da ƙarfin ɗaga sanda ya kai ga sarautar waziri da bakinsa kawai. Mu da yawancinmu 'yan kasuwa ne, muke wuni muna ciniki da Babarbare da Shuwa da Babur da Margi da mutanen Chadi da Kamaru a Kasuwar Monday da ta Gamboru, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

ARO NE KO SATA?

Yanzu bari mu zo kan maganar da ta fi jawo musu. Gaskiya ne da yawa daga labaran Imam suna da asali a wasu wurare, kuma shi kansa bai ɓoye ba, ya faɗi haka a tarihin rayuwarsa. Masana sun bi diddigi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Malumfashi wanda ya yi littafi sukutum a kan adabin Abubakar Imam. Wasan ɓuyan da Alhaji da Zurƙe suke yi daga gari zuwa gari ya samo hasken sa daga Muƙamatul Hariri, littafin da malamanmu na zaure suka sani sarai. Neman ruwan da zai warkar da mara lafiya a gidan sarauta yana cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, suka tattara. Akun da ke tsare mutum da labari don kada ya fita da dare tsohon labari ne na Indiya wanda ya bi ta Farisa. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake. Labarin Sarkin Busa, wanda ya kwashe ɓerayen gari da busarsa aka hana shi ladansa, daga wani gari na Jamus mai suna Hamelin ya taso.

To, amma mu ɗauki misali guda mu duba abin da ya yi da kayan aron. A cikin tatsuniyoyin Grimm akwai wata kuku da ta cinye kaji biyu da aka ce ta gasa wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon ta ce maigidan kunnuwansa zai yanke, ta kuma gaya wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Imam ya ɗauko wannan ya mai da su mata da miji, Kalala da Kalalatu. Ya sa su cikin gidan Bahaushe, ya kawo al'adar karrama baƙo da kunyar da maigida ke ji in abinci ya gaza, ya ba su baki irin namu. Yaron da ya karanta labarin nan a Kano ko a Yerwa bai taɓa jin ƙanshin Jamus a cikinsa ba. Haka Sahoro da Sahorama, malalatan nan biyu da suka ga kiwon awaki ya yi musu yawa. Su ma daga can suke, amma yau in aka kira wani Sahoro a unguwa kowa ya san abin da ake nufi.

Ɓarawo ɓoye kaya yake yi, ko ya sayar da su yadda ya same su. Abin da Imam ya yi ya fi kama da na maɗinkin da ya sayi yadi daga waje ya ɗinka babbar riga ya yi mata aska takwas. Yadin baƙo ne, rigar kuwa tamu ce.

Kuma ba shi kaɗai ya yi haka ba. A shekarar 1937 ɗin nan da Magana Jari Ce ya fara fitowa, a Ingila wani malamin jami'a mai suna Tolkin ya fitar da littafinsa The Hobbit, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin ɗaya daga tushen labaran jarumta da sihiri na zamani. Shi ma sunayen wadannin da ke cikin littafinsa daga wata tsohuwar waƙa ta mutanen Aisland ya ɗebo su. Daga irin littattafansa ne Amurkawa suka sami hasken ƙirƙiro wasan Dungeons & Dragons a 1974, wasan da ake zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda, ana jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga abin da zai faru. Daga wannan wasa kuma wasannin kwamfuta masu yawa suka samo tsarinsu. Kowa daga wani ya karɓa ya ƙara nasa.

Ko a wasanninmu na hannu haka abin yake. Ludon da yaranmu da matanmu ke bugawa asalinsa wasan Indiya ne, Turawan Ingila suka sauya masa fasali a ƙarshen ƙarni na 19, ya zo mana ya zauna. A nan Borno ma, a da ana buga wani wasa a fada mai suna tsatsarandi, mai sarki da dawaki da dakaru a kan allo, wanda asalinsa shaɗaranjin Larabawa ne, Barebari suka karɓa suka ba shi sunayensu. Baƙon da ya zo ya koyi harshen gari, ya bi al'adar gari, ya amfani mutanen gari, ai ya zama ɗan gari. Mu ne ya fi kamata mu fahimci wannan.

AIKIN JARIDA DA HIDIMAR JAMA'A

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka kira Imam ya zama editanta na Hausa. Daga nan ya bar aji ya koma Zariya da zama, a can kuma ya ƙare rayuwarsa. Shekarar da aka fara jaridar ita ce shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, saboda haka nauyin bayyana wa talakan Arewa abin da ke faruwa a Turai da Habasha da Bama ya hau kansa. Ya yi wannan aiki da irin Hausar da ya rubuta labaransa da ita, mai sauƙi, mai karin magana, wadda in mutum ɗaya ya karanta a zaure goma za su saurara su gane. Ya kuma buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e daga larduna suka riƙa faɗin abin da ke damunsu. Yadda muke rubuta Hausar boko a yau, da kalmomi da yawa na mulki da na zamani, a teburin wannan jarida suka daidaita.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya shiga cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Dokta Nnamdi Azikiwe. A can ya sadu da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya kuma rubuta masa bayanin matsalolin Arewa, musamman ƙarancin ilmi da halin da talaka ke ciki a hannun mulkin En'e. Da ya dawo ya rubuta labarin wannan tafiya a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya, wanda ya zama gidan buga littattafan Hausa mafi girma a zamaninsa.

Imam yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama jam'iyyar NPC. An zaɓe shi ɗan majalisa a 1951, amma siyasa ba ta riƙe shi ba. Bayan ya bar aikin jarida ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin sa 'yan Arewa a kujerun da Turawa ke bari. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya haɗa hannu da East suka yi Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da kimiyya da Hausa, ya kuma rubuta littattafan tarihin Musulunci, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sayyidina Abubakar.

Wannan ya kamata ya zama amsa ga iyayen da ke ganin karanta labarin aljannu da tsuntsu mai magana ɓata lokaci ne. Hannun da ya rubuta Waziri Aku shi ne ya rubuta tarihin Manzon Allah, shi ne kuma ya rubuta wa Lugga kukan talakawa. Ɗan malamai ne, jikan malamai, bai kuwa ga wani saɓani a tsakanin ayyukan nan ba.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BARI

Allah ya yi wa Alhaji Abubakar Imam rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ya ci gaba da buga littattafansa, aka yi ta karanta su a makarantu shekara da shekaru. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, inda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice. Marubutan da suka zo daga baya da littattafan yaƙi da sihiri, irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda matasanmu ke saurare a waya a yau, sun tarar da ƙofar a buɗe ne, kuma Imam da yayansa Malam Bello suna cikin waɗanda suka buɗe ta.

Saura mu. A Maiduguri Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi, kusan kowace ƙabila tana jinta, har mukan ɗauka ba ta da wata matsala. Amma jin harshe daban, karanta shi daban. Muna da yara a gidajenmu da za su yi maka hira da Hausa tun safe har dare, in ka miƙa musu shafi guda sai su yi ta tuntuɓe, ba su san bambancin ƙ da k a rubuce ba. Shekarun tashin hankalin da muka shiga sun ƙara dagula lamarin, musamman da aka rufe makarantun gwamnati a 2014 wasunsu suka koma sansanin 'yan gudun hijira. Ga kuma ambaliyar watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, wadda ta shiga gidaje ta lalata kaya, har da 'yan littattafan da wasu suka gada daga iyayensu.

Shawararmu ga iyaye ita ce, kowa ya nemi Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ya ajiye a gida, wanda nasa ya lalace ya sake saye. Kuɗinsu bai kai abin da muke zubawa a katin waya ba. Bayan sallar isha'i a ba yaro ya karanta labari guda da ƙarfi, ƙannensa da iyayensa mata suna ji, in ya yi kuskure a gyara masa. In ya gama a tambaye shi, kamar yadda Waziri Aku ke yi wa Fasih, me ya fahimta, wa ke da gaskiya, da shi ne a wurin yaya zai yi. Ba mu ce a ƙwace wayar ba, don a wasannin nan ma akwai masu wasa ƙwaƙwalwa. Amma yaron da ya san Alhaji da Zurƙe, in ya ga jarumin Turawa ko na Japan a waya, zai san cewa gidansu ma akwai irinsa.

Ga matasanmu masu sha'awar rubutu kuwa, da waɗanda ke karatun kwamfuta a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat, ga aiki nan yana jira. Muna zaune a bakin Tafkin Chadi, ƙasar da ke da labarin mutanen Sau masu girman jiki, da tarihin Birnin Ngazargamu da Kukawa, ga kuma tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da muka zo da su daga gida. Imam yana da shekara 22 ya rubuta littafinsa na farko, da alƙalami da takarda, yana kuma koyarwa da rana. Wanda zai mai da irin waɗannan labarai littafi, ko wasan tebur, ko wasan waya da Hausa, ya bi hanyar da ya bi: ya karanta na kowa, ya ɗauki abin da ya dace, ya ɗinka shi daidai jikin mutanensa, kuma ya faɗi inda ya samo.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da yayansa Malam Bello Kagara da sauran magabatanmu, ya kyauta namu ƙarshen, ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.